Jinya da iskar oksijin: gyaran ɓarnar da gashin sankara ke barin wa mata

Tun da aka fara gasa sankara da na'ura a cibiyar yaƙi da cutar ta ƙasa da ke Yamai a shekarar 2021, mata masu sankarar bakin mahaifa sun samu damar yin wannan jinya a gida. Sai dai gashin yana barin tabo. Hasken da ke kashe sankarar yakan taɓa mafitsara, ƙarshen hanji da farji, ya tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da su. Bayan watanni shida, wani lokaci ma shekaru, sai mace ta ga jini a fitsari ko bahaya, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Ba lallai ne cutar ce ta dawo ba, amma dole likita ya fara bincikar hakan.

Ɗaya daga cikin hanyoyin magance wannan ɓarna ita ce shigar da majinyaciya cikin wani rufaffen ɗaki na ƙarfe, a ƙara matsin iskar ciki ya ninka na waje sau 2 zuwa 2 da rabi, kamar wanda ya nutse mita 10 zuwa 15 cikin ruwa. Nan za ta shaƙi tsantsar oksijin na kusan minti 90. Matsin yana sa iskar ta narke cikin ruwan jini, ta kai ga naman da ke yunwarta, sababbin jijiyoyi su toho. Aikin na buƙatar haƙuri: kwana biyar a mako, zama 30 zuwa 40.

Amfanin ya fi bayyana a mafitsara. Wani gwaji da aka yi a ƙasashen arewacin Turai, aka wallafa a 2019, ya nuna matsalolin fitsari sun ragu. Na hanji kuwa da saura: binciken 2008 ya ga sauƙi, na Birtaniya a 2016 bai ga bambanci ba.

Illar da aka fi gani ita ce ciwon kunne saboda matsin, sai raguwar ganin nesa da ke wucewa bayan makonni. Farfaɗiya ba kasafai take aukuwa ba. Ba a shigar da wadda iska ta taru a bayan huhunta sai an yi maganinsa, kuma saboda gudun gobara ba a shiga da salula, turare ko man shafawa.