Mene ne tamowa, kuma yaya ake magance ta?

Tamowa cuta ce da ƙarancin abinci mai gina jiki ke haddasawa, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan kaurin damtsen yaro bai kai santimita 11.5 ba, ta yi tsanani. Ana magance ta da haɗin gyaɗa, madara, sukari da mai, irin wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta raba a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Rigakafinta yana cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu: uwa ta ƙoshi, jariri ya sha nono zalla wata shida. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Har yanzu gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta cika shi ba.