Jackie Robinson

Jack Roosevelt Robinson, wanda aka fi sani da Jackie Robinson (31 ga Janairu, 1919 – 24 ga Oktoba, 1972), ɗan wasan ƙwallon besbol ne Ba'amurke. Shi ne baƙar fata na farko da ya buga a babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, a ƙarni na ashirin. Shigarsa ƙungiyar Brooklyn Dodgers a shekarar 1947 ta kawo ƙarshen wariyar da ta hana baƙaƙen fata shiga gasar fiye da shekara hamsin.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Robinson a garin Cairo na jihar Jojiya, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Iyayensa manoma ne da ke noma gonar wani a raba amfani. Bayan mahaifinsa ya bar gida, mahaifiyarsa Mallie ta kwashi yaran zuwa Pasadena a jihar Kalifoniya a 1920, inda ta riƙa aikatau don ciyar da su. Yayansa Mack ya ci lambar azurfa a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, bayan Jesse Owens. Jackie ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1939, ya zama ɗalibi na farko da ya wakilci jami'ar a wasanni huɗu: besbol, ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafar Amurka da guje-guje da tsalle-tsalle.

Aikin soja

An ɗauke shi soja a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kai muƙamin laftana. A watan Yulin 1944, a wani sansanin soja a jihar Teksas, direban bas ya umarce shi ya koma kujerar baya, ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja, kotun ta wanke shi.

Shiga babbar gasa

A wancan zamani baƙaƙen 'yan wasa suna da tasu gasar daban, kuma a nan Robinson ya buga wa Kansas City Monarchs a 1945. A watan Agustan shekarar, shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya gayyace shi ganawa. Ya gindaya masa sharaɗi guda: duk zagin da za a yi masa, kada ya rama, domin idan ya yi faɗa za a kafa hujja da shi a sake rufe ƙofar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya ƙi tashi daga kujerar bas, amma ya amince.

Ya yi kakar 1946 a Montreal Royals ta Kanada, ƙaramar ƙungiyar Dodgers. Ranar 15 ga Afrilu, 1947, ya buga wasansa na farko a filin Ebbets da ke Brooklyn. Wasu abokan wasansa sun nemi a cire shi tun kafin a fara kakar. Kocin Philadelphia Phillies, Ben Chapman, da 'yan wasansa sun yi ta zaginsa a fili. An aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, wasu otal-otal kuma sun hana shi kwana tare da ƙungiyarsa. Duk da haka ya danne zuciyarsa, ya kammala kakar da kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, kuma shi ne farkon wanda aka ba ta.

Nasarori

A 1949 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar National League, bayan ya fi kowa yawan bugu mai kyau, da matsakaicin .342. Ya yi suna wajen zafin gudu da shammatar abokan hamayya tsakanin tashoshin fili huɗu, har sau 19 yana kutsawa tashar ƙarshe ya ci maki kafin a ankara. A kakar wasa goma da ya yi, Dodgers ta kai wasan ƙarshe na World Series sau shida, ta ɗauki kofin a 1955 bayan doke New York Yankees. Ya yi ritaya a Janairun 1957.

Bayan ritaya da mutuwa

Robinson ya zama mataimakin shugaban kamfanin kofi na Chock full o'Nuts, ya yi aiki da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, kuma yana cikin waɗanda suka kafa bankin Freedom National a unguwar Harlem a 1964. A 1962 ya zama baƙar fata na farko da aka saka a zauren karrama gwanayen besbol. Ciwon suga ya raunana ganinsa a ƙarshen rayuwarsa. A gasar World Series ta 1972 ya yi kira da a naɗa baƙar fata kocin ƙungiya. Bayan kwana tara ya mutu sakamakon bugun zuciya a Stamford, jihar Connecticut, yana da shekara 53. Sai a 1975 kiran nasa ya tabbata, lokacin da Frank Robinson ya fara jagorantar Cleveland Indians.

Tunawa da shi

A 1997 hukumar MLB ta jingine lambar rigarsa, 42, a dukkan ƙungiyoyinta. Tun daga 2009, kowace ranar 15 ga Afrilu duk 'yan wasan gasar suna sanya wannan lamba. Matarsa Rachel, wadda ya aura a 1946, ta kafa gidauniya da sunansa a 1973 da ke ba ɗalibai tallafin karatun jami'a. A fim ɗin 42 na shekarar 2013, Chadwick Boseman ne ya fito a matsayinsa.