Tsāgā̀

tsāgā̀ *sn., mc.*, *jm.* tsā̀ge-tsā̀ge.

1. Darewa a jikin abu mai tauri. *Mis.* Kaskon da na sayo a Fakku yana da ~.

2. Zanen aska a fuska, shaidar asali: ~r Kabawa.

3. *(kimiyyar ƙasa)* Layin da duwatsun ƙarƙashin ƙasa suke gocewa idan an yi girgizar ƙasa. Dutsen gefen ~ kan rududduge, faɗin mita 100 ko fiye. Igiyar motsi in ta shiga nan sai ta rage gudu, wani lokaci da kusan rabi. Igiyoyi masu saurin kaɗawa su dushe, wasu su maƙale suna kai da komo a ciki, girgiza ta tsananta a bisa. Tamkar tukunya ce: tsagaggiya ba ta amo. *Mis.* Bayan girgizar Landas ta Kalifoniya, 1992, awo ya nuna gudun igiyar yana ƙaruwa a hankali, ~ tana haɗewa.

Dangi: tsāgā̀ *fi.*, raba biyu, tsāgḕ *fi.*, dare, tsā̀gaggē *sif.*, *mc.* tsā̀gaggiyā, *jm.* tsā̀gàggū.

*Dubi* girgiza.