Gura da Taru a Gulbin Binuwai: Wa Ke Cinye Ƙananan Kifi?

Busasshen kifin nan mai tauri da ake shigowa da shi daga Norway, wanda 'yan kasuwar Lafia ke kira okporoko, galibinsa kifin kod ne. A gaɓar Newfoundland ta Kanada manyan jiragen jan raga sun yi wa wannan kifi ɗibar karan mahaukaciya, har gwamnati ta haramta kamunsa a watan Yuli na 1992, mutum sama da 30,000 suka rasa abin yi. Da kod ya yi ƙaranci sai ƙaguwa ta yawaita, masuntan suka koma dasa mata tarko. Wannan maƙala tana duban irin wannan gogayya tsakanin kayan su da ake ja da wanda ake dasawa, amma a ruwan jihar Nasarawa, daga Tunga ta ƙaramar hukumar Awe zuwa Loko.

Gura tarko ne da masunta 'yan Mali suka yaɗa a Najeriya. Ana lanƙwasa tsumagu, a lulluɓe su da raga mai ƙananan idanu, a bar ƙofofin da kifi ke shiga ba ya iya fita. Mai ita ya zuba dusa a ciki, ya nutsar da ita a bakin ciyawa, ya tafi harkarsa. Tarwaɗa da karfasa da ƙurungu su ne abin da ya fi samu. Shi kuwa taru aikin gayya ne: kwalekwale ya zagaya da shi, majiya ƙarfi su ja igiya daga gaɓa, ya share duk abin da ya tarar, har da gurar wani. Nan rigima take farawa, kuma nan yawancin masu sharhi suke tsayawa, su ɗora wa taru laifi duka.

Laifin taru tabbatacce ne. A tafkin Kainji, aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus da aka fara a 1993 ya nuna cewa ragar dala, wani nau'in taru da ake ja domin ƙananan kifin warangi, tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye masu ɗimbin yawa, kuma a ƙarshen shekarun 1990 aka hana ta. Jan raga a ƙasan ruwa yana kuma rusa ramukan da karfasa ke haƙawa don yin ƙwai.

Sai dai gura ma ba ta kuɓuta ba. Guda ɗaya ba ta da wata illa. Amma a tafkin Cadi da fadamar Haɗeja da Nguru an ga abin da ke faruwa idan aka jera ɗaruruwanta aka datse mashigar ruwa, abin da ake kira dumba: masunta na ƙasa suka rasa kamu, husuma ta tashi, hukuma ta haramta.

A Binuwai muhimmin abu shi ne lokaci. Ruwa kan cika a Satumba da Oktoba, ya malala fadamu, inda iyayen kifi ke hayayyafa, 'ya'yansu su yi kiwo cikin ciyawa. Idan ya fara janyewa a Nuwamba, waɗannan 'ya'ya sai sun bi ta siraran rafuka kafin su koma gulbi, kuma a daidai bakin rafukan ake jera gura. Waɗanda suka maƙale a tafkuna, taru na jiransu da rani. Ke nan zuriya guda ce ake tara sau biyu cikin 'yan watanni, tun ba ta isa yin ƙwai ba. Giwan ruwa da yauni, waɗanda ba sa balaga da wuri, su suka fi jin jiki, kamar yadda kod ya ji a Kanada.

Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, ban da ta warangi. Doka ce mai kyau, amma wannan tanadi nata girman ido yake aunawa, alhali matsalar fadama ta wuri ce da lokaci.

Masuntan kudancin Devon a Ingila sun kama bakin zaren tun 1978. Masu tarkon ƙaguwa da masu jan raga suka zauna suka raba teku: wani yanki na tarko ne kaɗai duk shekara, wani kuma ana karɓa-karɓa bisa watanni. Binciken da aka yi daga baya ya samu halittun ƙasan teku sun fi yalwa inda ba a jan raga, kuma a 2002 yarjejeniyar ta shiga doka.

A ganin mai wannan nazari, Nasarawa tana da tubalin yin haka. Sarkin ruwa ya san kowane rafi da sunansa, kuma rufe tafki har zuwa ranar su tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da ta Jukunawa. Abin da ake buƙata shi ne sarakunan ruwa na Awe da Doma da Loko su amince a bar tsakiyar kowace mashiga a buɗe daga Nuwamba zuwa Disamba, a keɓe tafkunan da taru ba zai shiga ba, sannan masu nazarin kifi na harabar Shabu ta jami'ar jihar su riƙa auna tsawon kifin da ake saukewa a Tunga da Loko kowane wata.