Farisa a Teburin Mai Shayi

A gidan abincin Farisawa, bayan shinkafa mai za'afaran da gasasshen nama, shayi ake kawowa da curin sukari. Mutumin Kazaure ba zai yi baƙunta a nan ba. Kalmar shayi daga Sin ta taso, ta yada zango a Farisa kafin Larabawa su karɓe ta. Sukari kuwa tushensa Indiya, amma Farisawa sun shahara da tace shi kafin daularsu ta faɗa hannun Musulmi a 651. Larabawa suka kai rake Masar da Maroko, sunan ya biyo ayarin Sahara zuwa ƙasar Hausa. Idan ka ce wa mai shayin tashar Kazaure ya ƙara sukari, tsohuwar hanyar fatake ce a bakinka.