Amsoshin Takardunku: Guguwar Hunturu da Ɓarnarta a Manyan Tafkunan Amurka

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar busasshen kifi daga Yawuri, ya aiko mana da takarda yana cewa ya ji a labaran duniya wai guguwar hunturu ta farfasa matsayar jiragen ruwa a wani tafki na Amurka, har da jiragen da aka fitar aka ajiye a tudu. Ya ce abin ya ɗaure masa kai, domin shi a saninsa teku ce mai hauka, tafki kuwa ruwa ne kwantacce. Shin gaskiya ne? Kuma an taɓa yin irin haka a tarihi?

To Malam, gaskiya ne, kuma an sha yi. Amma da farko sai ka cire wa ranka cewa irin tafkin da muka sani ne. A yankin iyakar Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna biyar, watau Superior da Michigan da Huron da Erie da Ontario. Superior kaɗai faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, ya ninka Tafkin Chadi na shekarun 1960 fiye da sau uku. In kana tsakiyarsa ba ka hangen gaɓa ko ta ina. Sai dai ruwansu ba na gishiri ba ne, don haka yana saurin daskarewa fiye da na teku.

Hunturunsu kuma ba irin namu ba ne na ƙura da kaushi. A watan Nuwamba iska mai tsananin sanyi kan gangaro daga Kanada, ta tarar ruwan tafki bai gama hucewa daga ɗumin watannin zafi ba. Wannan haɗuwa ita ke ƙara wa guguwa ƙarfi. In iska ta daɗe tana kaɗawa ta fuska ɗaya, sai ta tura ruwan ya taru a ƙarshen tafkin, kamar ka karkata tasa. Haka ta faru a birnin Buffalo a watan Oktoba na 1844, ruwan Erie ya haura katangar da aka gina don tare shi cikin dare, mutane 78 suka halaka.

Ita kuwa matsayar jirage, galibi dandamali ne na katako a kan turaku da aka kafa cikin ruwa. Ƙanƙara takan riƙe turken gam, in ruwa ya ɗaga sai ta ɗaga da shi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta tuge shi kamar yadda ake tuge rogo. In guguwa ta zo kuma ta farfasa ƙanƙarar, ta riƙa jifan dandamalin da manyan ɓaraguzanta. Saboda haka ne masu ƙananan jirage kan fitar da su tun wajen Oktoba, su ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, su tsiyaye ruwan cikin inji kada ya daskare ya tsaga shi, su lulluɓe da leda. Duk da haka ba su tsira ba. Iska kan kifar da jirgi ɗaya ya faɗa kan na kusa da shi, nauyin dusar ƙanƙara kuma kan rufta rumfar ajiya a kansu.

Yanzu sai tarihi. Guguwar da ta fi kowace ɓarna a waɗannan tafkuna ita ce ta 7 zuwa 10 ga Nuwamba, 1913. Manoma da 'yan kasuwa za su fi kowa gane yadda aka yi ta ci mutane haka. Alkamar da ake nomawa a yammacin Kanada ana girbinta ne wajen Satumba, a kai ta tashoshin Fort William da Port Arthur, waɗanda yau suka haɗe suka zama Thunder Bay, a loda a jirgi. Tamar ƙarfe na fitowa daga Duluth da Marquette, kwal kuma na haurawa daga Ohio. A wancan zamani, daga Disamba ƙanƙara ta rufe hanya ke nan sai wajen Afrilu. Saboda haka Nuwamba watan rububi ne, kowane mai jirgi na son a ƙara sawu ɗaya kafin a rufe. Duk direban da ya taɓa cewa bari in yi lodi ɗaya kafin ruwan sama ya yanke hanyar ƙauye ya san irin wannan lissafi.

Ran Juma'a 7 ga wata guguwa ta fara a Superior. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta sa aka ɗaga tutocin gargaɗi a tashoshi, domin a zamanin yawancin jiragen ba su da na'urar sadarwa. Da zarar jirgi ya bar gaɓa babu mai iya kiransa. Matuƙan kuwa sun saba ganin tutocin nan, sun saba guguwa ta yi 'yan sa'o'i ta wuce. Da safiyar Lahadi 9 ga wata iska ta ɗan lafa, sai da yawa suka ɗauka an gama, suka kwance. Ashe wata guguwar ce ke tahowa daga kudu za ta haɗe da ta farko. Da yamma iska ta juyo daga arewa ta miƙe Tafkin Huron tun daga samansa har ƙasa. Bugunta ya kai mil 90 a sa'a, igiyar ruwa ta kai ƙafa 35, ga dusar ƙanƙara ta rufe ido, feshin ruwa kuma na daskarewa a jikin jirgi yana ƙara masa nauyi.

A Huron kaɗai manyan jirage takwas suka nutse, ba wanda ya fita da rai daga cikinsu. Akwai James Carruthers, sabo fil, a shekarar aka ƙera shi, tsawonsa ƙafa 550, yana ɗauke da alkama. Akwai Charles S. Price, wanda aka wayi gari aka gan shi a kife yana yawo kusa da Port Huron, aka yi kwanaki ba a san ko wane jirgi ba ne, sai ran 15 ga wata da wani gwanin nutso ya shiga ya karanto sunan. Jimla jirage 12 suka nutse a tafkuna huɗu, wasu da dama iska ta watsa su kan duwatsu da rairayi, mutane fiye da 250 suka rasu. An ƙiyasta asarar jirage da kaya ta kusa dala miliyan 5 a kuɗin wancan zamani.

Ɓarnar gaɓa, wadda ita ce ainihin tambayarka, ba ta da kaɗan. A Shikago sabuwar katangar tare igiyar ruwa da aka kashe wa dala 100,000 don kare mashigin Lincoln Park, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya share ta. A Milwaukee katangar kudu ta tashar jirage ta tafi. Birnin Cleveland kuwa dusar ƙanƙara ta binne shi, turakun waya suka zube, aka yi kwanaki babu lantarki, babu taragon cikin gari, madara da abinci suka yi wuya.

Manoman gaɓar Ontario, wajen garin Goderich, su suka riƙa tsintar gawarwaki a bakin gonakinsu suna kaiwa gari a keken doki. A nan ne wani abin al'ajabi ya faru. Wani dattijo daga Hamilton ya zo ya duba wata gawa, ya ga tabo da zanen haruffa a hannu irin na ɗansa, ya ce shi ne, ya ɗauka ya kai gida. Ana cikin zaman makoki sai ga ɗan ya shigo da ƙafarsa. Ashe ba ya cikin jirgin, a jarida ma ya karanta labarin mutuwarsa. Wanda ke cikin akwatin kuwa ba a gane ko wane ne ba.

Bayan ƙura ta lafa, masu jirage suka ɗora laifi kan hukumar yanayi, wai gargaɗinta bai nuna girman abin ba. Hukumar ta ce ai ta ɗaga tuta. A nawa ganin, kowa na da nasa kason, amma tuta ba ta hana mutumin da maigidansa ke ƙirga masa sawu fita. Dubi Henry B. Smith: ya bar Marquette da yammacin Lahadin nan ɗauke da tama, waɗanda ke bakin tasha suka ga ma'aikatansa na ta fama da rufe murafun rumbun kaya alhali jirgin ya riga ya kama hanya. Mutum 25 ke ciki.

Daga baya an ƙarfafa murafun jirage, aka sa musu na'urorin sadarwa, amma Nuwamba ba ta daina ba. A 1940 ta nutsar da manyan jirage uku a Michigan. Ran 10 ga Nuwamba, 1975 ta haɗiye Edmund Fitzgerald mai tsawon ƙafa 729 da mutum 29 a Superior. Shi kuwa Henry B. Smith, sai a watan Mayu na 2013, shekara ɗari ba 'yan watanni, masu bincike suka gano shi a zurfin da ya haura ƙafa 500, arewa da Marquette, tamarsa na zube kewaye da shi.

Da fatan mai tambaya daga Yawuri ya gamsu.