Ɗan Baƙo a Ƙofar Makaranta

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana aji huɗu a wata firamare da ke Adabraka lokacin da gwamnatin Dokta Kofi Busia ta fitar da dokar korar baƙi, ranar 18 ga Nuwamba, 1969. An ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Ya ce kafin shekara ta ƙare, bencinsu na mutum uku ya rage shi kaɗai. Abokan zamansa biyu a Nima aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba, amma aka loda su a mota zuwa iyakar Aflao. Shi ma kakata ta ɓoye shi a gida har zangon karatu ya wuce, gudun kada a tambaye shi asalinsa.

Dama akwai wani tsoron tun kafin wannan. A zamanin Turawa yawancin makarantun boko a Akra na mishan ne, iyayenmu na zango kuwa suna gudun kada yaro ya tafi yana Musa ya dawo yana Moses. Sai a 1987 hukumar ilimi ta Gana ta kafa Sashen Ilimin Musulunci, makarantunmu suka samu malaman gwamnati masu koyar da Turanci da lissafi tare da karatun Alƙur'ani.

Yau tsarin mulkin 1992 ya yi alkawarin ilimin tushe kyauta, sakandare ma ta zama kyauta tun 2017. Duk da haka, in na bi ta Kwame Nkrumah Circle nakan ga 'ya'yan baƙi daga Nijar suna bara a lokacin da sa'o'insu ke aji. Ba su da takardar haihuwa, ba kuɗin yunifom, ba sa jin Turanci, iyayensu kuma sun dogara da abin da yaran suka samo kafin magariba.

Iran ta fuskanci irin wannan da 'ya'yan 'yan gudun hijirar Afganistan. A 2015 Ayatullah Khamenei ya ba da umarnin a karɓi kowane yaro a makarantar gwamnati ko ba shi da takarda. Yaran nan na Circle Hausa suke yi kamar mu. Masallatai da makarantun Nima da Maamobi ne suka fi kowa iya zama da iyayensu, su kama hannun yaran zuwa rajista, domin mu jikokin waɗanda aka kora ne a 1969.